Filin Tambayoyin Matafiya: Gidan zanen haske na Jidda, a shiga ko a wuce kasuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonninku kusan duk sun taru akan abu ɗaya, wato gidajen nan da ake haska zane a bango da ƙasa da sama har mutum ya ji kamar cikin zanen ya shiga, da alama bidiyonsu ne ya cika wayoyin mutanen Kano kwanan nan. Na zaɓo guda biyar, waɗanda basu ga nasu ba suyi haƙuri dan amsarsu tana cikin waɗannan.

TAMBAYA: Anti barka da aiki Allah ya ƙara basira. Ni ƴar kasuwa ce ina saro atamfa da leshi a Kwari ina bayarwa a gida, in Allah ya yarda zamu tafi umara ni da maigida da yara uku da surukata, toh bayan mun gama zamu kwana biyu a Jidda kafin jirginmu, shine babbar ƴata ta dameni da wani bidiyo da ta gani a TikTok wai wani gida ne a Jidda da ake shiga furanni su dinga fitowa a jikin mutum ruwa yana zubowa daga sama amma baya jiƙa kowa, wai lallai sai munje. Ni dai gsky ban gane kansa ba, sinima ce ko wajen wasan yara ne, kuma kwana biyun nan na riga na ware su na Bab Sharif ne. Dan Allah ki faɗa min tsakani da Allah, ya kai a kashe masa riyal? Daga Maman yara, Gwammaja.

AMSA: Hajiya Allah ya kai ku lafiya ya karɓi ibada. Amsa a taƙaice ita ce eh ya kai, ku je, amma da sharaɗi ɗaya wanda zan dage akai har ƙarshe, kar ku je da sauri. In awa ɗaya kawai kike da ita tsakanin shagon abaya da shagon turare toh ki riƙe riyal ɗinki, wajen nan lokaci yake ci kuma lokacin shine ainihin abinda kika biya.

Gidan da ƴarki ta gani sunansa teamLab Borderless. teamLab wata ƙungiya ce ta mutanen Japan da aka kafa a 2001, jagoranta Toshiyuki Inoko, kuma ba masu zane kaɗai bane a ciki, akwai injiniyoyi da masu rubuta manhajar kwamfuta da masana lissafi da masu zanen gini, duk tare suke aiki shiyasa basa saka sunan mutum ɗaya a jikin aiki. Gidansu na farko mai wannan sunan sun buɗe shi a Tokiyo a unguwar Odaiba a 2018, kwamfuta 520 da majigi 470 ne suke riƙe dashi, kuma a shekarar farko kaɗai mutum wajen miliyan 2.3 suka shiga. Sun rufe wancan a 2022 suka sake buɗewa a Azabudai Hills a farkon 2024. Na Jidda kuma an buɗe shi a watan Yunin 2024 tare da Ma'aikatar Al'adu ta Saudiyya, shine na farko a yankin Larabawa, girmansa ya kai murabba'in mita 10,000, yana bakin tafkin Arba'in daf da tsohon garin Jidda wato Balad. Kinga kenan ba wani nisa zakiyi daga kasuwarki ba, yanki ɗaya ne.

Ba sinima bace, dan babu kujerun da za'a jera ku kuna kallon gaba. Iyayenmu sun san majigi da ake kawowa a mota a haska a bango jama'a su taru, toh ki ɗauka majigin nan ce ta tashi daga bango guda ta mamaye ɗakin gaba ɗaya, ɗaruruwa ne a rataye a sama an daidaita bakin hasken kowacce da na kusa da ita ta yadda ido bazai ga inda aka haɗa ba, sannan ga madubai da suke ninka ɗaki ƙarami ya koma kamar bashi da iyaka. Amma abinda ya raba nasu da na sauran shine ba faifan bidiyo suke kunnawa ba, kwamfuta ce take zana abin a daidai lokacin da kike tsaye, kuma akwai na'urorin gano motsi da suke sanar da ita inda mutum yake. Shiyasa in kika tsaya cak furanni zasu fara tsirowa a inda kike, in kika taɓa su ko kika taka sai su zube, ruwan nan na haske da ƴarki ta gani in ya zubo ya iske mutum a hanya rabuwa yakeyi ya kewaye shi. Abinda kika gani yanzu bazai sake dawowa sak ba ko kin koma bayan minti goma, dan mutanen dake ɗakin sun canza.

Kuma basa bada taswira, da gangan suke yi. Zane yana fita daga ɗakinsa ya bi ta lungu ya shiga wani ɗakin ya gauraya da wanda ya tarar, sai kiga garken tsuntsaye sun wuce ta gefenki kin bisu kin faɗa wani waje da baki san dashi ba, wata ƙofar ma labule ne baƙi a cikin duhu in baki lura ba sai ki wuce ta. Nan ne mutanenmu suke asara wlh, a shigo a tsaya ɗakin farko ayi ta hoto na minti ashirin, a leƙa na biyu, sai maigida ya duba agogo yace toh ai mun gani a tafi, alhali ko kashi ɗaya cikin huɗu ba'a gani ba. Ku ware awa biyu da rabi zuwa uku. Ni abinda yafi tsaya min a rai shine ɗakin fitilu, fitilu ne rututu a rataye ga madubi ko ta ina, kina matsawa kusa da ɗaya sai ta ƙara haske ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa, har hasken ya zagaye ɗakin, kuma in wani launi ya taho miki daga can nesa kin san akwai wani mutum a tsaye a can wanda baki gani. Wannan sai kin natsu kin sauke waya zaki lura dashi, mai ɗaukar bidiyo baya ganinsa sam.

Ga yara kuwa akwai sashen da aka yi dominsu, ana basu takarda da kala su fenta kifi, a saka takardar a na'ura sai kifin nasu ya bayyana a bango yana iyo cikin na sauran yara, zaki sha wahala kafin ki raba su da wajen. Akwai kuma inda ake tsalle da hawa da gangara, ƙasan ba a miƙe yake ba, dan haka a sa musu takalmi rufaffe mara tsini, silifas da takalmi mai tudu su zauna a otal. Akwai ɗakin shayi shima da fure yake buɗewa a cikin kofi muddin akwai shayi a ciki, kuɗinsa daban ne da na tikiti.

Yanzu ga abinda nake so ki riƙe da kyau ke da ƴanmatanki. Wasu ɗakunan ƙasansu madubi ne. Duk mai abaya ko doguwar riga ko zani ta saka dogon wando a ciki, wannan ba shawara bace dole ce. Abaya baƙa haske baya zama a jikinta sosai, in ƴarki tana so furannin su fito a jikinta kamar yadda ta gani toh ta yafa farin mayafi ko hijabi mai haske, amma ta kula da mai jan ƙasa dan akwai duhu kuma ana taka juna.

Tikiti ku saya ta intanet tun kuna Makka, a shafinsu na ainihi, dan da lokaci ake sayarwa, zaki zaɓi rana da awa. Ki duba ranar da basa buɗewa kafin ki tsara komai. In katin naira yaƙi wucewa ki nemi ɗan uwa mazaunin can ya biya ki bashi riyal a hannu, kar ki yarda da mai tallar tikiti a WhatsApp. Ranakun Juma'a da Asabar sune hutunsu a can kuma da daddare ake cika, ku zaɓi tsakiyar mako ku shiga da zarar an buɗe ko bayan kun sallaci la'asar, ku lissafa yadda magariba bazata riske ku a tsakiyar ɗaki ba dan a ciki babu taga bazaki san rana ta faɗi ba. Manyan jakunkuna da keken jariri yawanci a waje ake ajiyewa a loka, saboda haka kar kizo da ledojin sayayya, kasuwa ta biyo baya. In kun fito da sauran ƙarfi ku taka cikin Balad da yamma, UNESCO ta saka shi a jerin wuraren tarihi na duniya tun 2014, ku ga gidajen dutsen murjani masu tagogin katako da ake cewa rawashin, har da gidan Nasif, mutanenmu da yawa sun shekara suna zuwa Bab Makka sayayya basu taɓa ɗaga kai sun kalle su ba.

Sai maganar Hajiya babba surukarki. Ki tambaye ta tukunna, kar a ja ta dan kunya. Akwai duhu, akwai tafiya mai yawa, wajen zama kaɗan ne, kuma bayan ɗawafi da sa'ayi gwiwa ta riga ta gaji. In tana so taje a sa mutum ɗaya ya riƙe hannunta tun daga shiga har fita, ku tsallake sashen tsalle-tsalle. In tace ta yafe ku barta ta huta a otal ku dawo mata da labari.

TAMBAYA: Anti ni kam na shiga irin wannan a wata tafiya da nayi sarin waya kuma wlh haushi naji. Kuɗi masu yawa na biya, ɗaki ɗaya ne babba ana ta haska zanen wani Bature wai Van Gogh ana kiɗa, kafin minti arba'in naga abin ya dawo farko. Nace shikenan? Aka ce shikenan. Ni dai ina ganin damfara ce kawai aka yiwa ado. Daga wani ɗan Farm Centre.

AMSA: Ƙanina na ji zafinka kuma bazan ce maka baka da gaskiya ba, sai dai ba damfara bace, kaya ne iri biyu ake sayarwa da suna ɗaya kai kuma ba'a faɗa maka wanne ka saya ba.

Iri na farko shine wanda ka shiga. Ana ɗauko zanen wani tsohon mai zane a ɗauki hotonsa a ƙara masa girma a sa sassansa su dinga motsi a haɗa da kiɗa, faifai ne da aka riga aka shirya, yana ƙarewa ya sake farawa, ko ka taɓa bango ko kayi tsalle babu abinda zai canza. Wanda ya fito da wannan salon duniya ta sanshi sosai shine Atelier des Lumières a birnin Faris, sun buɗe a 2018 a cikin wata tsohuwar masana'antar narka ƙarfe da majigi 140, suka fara da zanen Gustav Klimt, a 2019 suka yi na Van Gogh. Nasu yana da kyau dan ginin kansa abin kallo ne kuma sun kashe kuɗi akan na'ura. Daga nan ne kamfanoni suka yi caa akai, har a 2021 zaka tarar da kamfani fiye da ɗaya suna nuna Van Gogh a gari ɗaya a Amurka kowa da nasa. Dalilin kuwa a fili yake, mutumin nan ɗan ƙasar Holan ya rasu tun 1890 yana da shekara 37, haƙƙin mallakar zanensa ya daɗe da ƙarewa, kowa zai iya ɗauka baya biyan magada ko sisi, sai kawai ya kama hayar sito ya rataya majigi. Wani yayi da kyau wani yayi na a-ci-da-sauri, hoton ya fito dishi-dishi ana ganin inda aka haɗa.

Kuma ka sani babu zanensa na gaske ko ɗaya a irin wajen. Shahararren nan na taurari da dare wanda ya zana a 1889 yana gidan adana zane na MoMA a Amurka, kuma faɗinsa ko mita ɗaya bai cika ba, santimita 92 ne. Abinda ya sa ake girmama shi shine kaurin fentin da yadda burushi ya bi, haske a bango kuwa bashi da kauri. Ni ra'ayina na ɗauki irin wannan a matsayin gabatarwa ga wanda bai taɓa jin sunan mai zanen ba, yana da amfaninsa musamman ga yara, amma bai kai a biya masa kuɗin da ake biyan iri na biyu ba.

Iri na biyun shine wanda tun asali dan haske aka ƙirƙire shi, bashi da wani asali a jikin takarda, kuma yana amsa motsinka, kamar na teamLab da nayi bayani a sama. In hanyarka ta Dubai ce, akwai teamLab Phenomena a Abu Dabi da aka buɗe a watan Afrilun 2025 a tsibirin Sa'adiyat kusa da gidan tarihi na Louvre na can, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu ce a mota. A cikin Dubai kuma akwai Arte Museum na wani kamfanin Koriya a Dubai Mall da AYA a Wafi, su ɗakuna ne da yawa kowanne da nasa yanayin.

Nan gaba kafin ka ciro kati ka nemi amsar abu uku, ɗaki nawa ne, shirin yana maimaita kansa ne bayan minti nawa, sannan yana canzawa in mutum ya motsa ko a'a. Kar ka dogara da bidiyon tallansu dan shi ana ɗaukarsa ne babu kowa a ɗakin, ka nemi wanda ƴan kallo suka ɗauka da wayarsu zaka ga ainihin cunkoson da ainihin hasken.

TAMBAYA: Salam Anti, ɗana ɗan shekara 11 yana da farfaɗiya amma yana shan magani ta lafa. Zamu iya shiga dashi? Ni kaina ina da jiri in na hau lifta. Daga wata uwa, Ɗorayi.

AMSA: Ƴar uwa Allah ya bashi lafiya mai ɗorewa. Kar ki yanke wannan hukuncin da kanki kuma kar ki yanke shi da maganata, ki kai wa likitan da yake duba shi kafin tafiya ki nuna masa bidiyon wajen. Akwai nau'in farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayarwa, kusan 3 ne cikin 100 na masu ciwon suke da ita kuma tafi yawa a yara da matasa, gwajin ƙwaƙwalwa na EEG yana iya nuna ko yaro yana ciki. In yana ciki toh ku haƙura gaba ɗaya, wuraren nan da kansu suna rubuta gargaɗin a ƙofa. In likita ya bada izini, yaje da cikakken barci ya sha maganinsa akan lokaci, kuma in haske ya fara ƙyafƙyaf ki sa ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya juya baya ku fita, runtse ido biyu kaɗai baya tare walƙiyar. In Allah ya kawo tsautsayi ta tashi a ciki ki kwantar dashi ta gefe ki kare kansa ki kira ma'aikata, kar a tura masa cokali ko yatsa a baki kamar yadda akeyi a gida, in ta wuce minti biyar sai asibiti.

Jirinki kuma ido ne yake cewa ɗakin yana tafiya kunnen ciki yace a tsaye kike, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Da kinji ya fara ki zauna ki kalli hannunki ko wani abu mara motsi, kar ki shiga da yunwa, ki guji ɗakin da hoton yake juyawa da sauri.

TAMBAYA: Malama, iyalina suna son zuwa irin wannan waje bayan umara, ni kuma zuciyata bata kwanta ba saboda maganar hoto da kiɗa da cakuɗa. Me ke ciki takamaimai? Daga wani magidanci, Ƙofar Mazugal.

AMSA: Malam na gode da ka tambaya kafin ka hana ko ka bari. Fatawa ba tawa bace, amma zan faɗa maka abinda ke ciki ba ƙari ba ragi dan ka kai wa malaminka cikakken bayani. Mafi yawan abin furanni ne da ruwa da igiyar teku da fitilu da layukan haske. Amma akwai siffofin masu rai, malam-buɗe-littafi da tsuntsaye da kifi da dabbobi, wani lokacin har da siffar mutane irin na tsohon zanen Japan suna wucewa a bango, duk haske ne ba gunki ba, ana kashe na'ura bango ya koma fari. Akwai kiɗa a kusan kowane ɗaki, na kayan kiɗa ne mai sanyi ba na rawa ba, amma kiɗa ne bazan ɓoye maka ba. Maza da mata tare suke shiga kuma akwai duhu, galibi iyalai ne da yara da ma'aikata a tsaye a kowane lungu, in kaje da iyalinka kana tare dasu ko ina.

In ka auna kaga bazaka iya ba, kar yaran su tashi a tutar babu. A Madina dab da Masallacin Annabi (SAW) akwai baje kolin tarihin Manzon Allah da aka buɗe a 2021 ƙarƙashin Rabiɗa wato ƙungiyar musulmi ta duniya, da irin wannan fasahar ta allo da haske ake nuna yadda Makka da Madina suke a wancan zamanin da hanyar hijira, babu siffanta Annabi ko sahabbai. A Makka kuma a gindin dutsen Jabalun Nur akwai cibiyar Hira mai baje kolin saukar wahayi. Yaro da ya karanta sira a islamiyya in ya ga girman garin da tsarin gidajen da idonsa karatun yana zama masa daban, ni ko wanda zaije na Jiddan ina bashi shawarar ya haɗa da waɗannan.

TAMBAYA: Anti ni ɗalibar kwamfuta ce a BUK kuma ina zane, duk sanda naga bidiyon nan sai inji kamar inyi kuka, me yasa mu bamu da irinsa a Kano? Zai yiwu kuwa ko mafarki nake? Daga ƴarki, Rijiyar Zaki.

AMSA: Ƴata wannan tambayar ita tafi faranta min rai duk cikin saƙonnin. Zai yiwu, amma kar ki fara da mafarkin majigi 470, ki fara da biyu.

Abin nunawa dai ba'a fi mu ba. Hawan sallar Kano UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya a watan Disambar 2024, ki ɗauka mutum yana tsaye a tsakiyar ɗaki dawakin hawan Daushe suna taho masa ta bango huɗu da ƙarar kofato da algaita da harbin ƴan bindiga a lasifika, wanda bai taɓa samun wajen tsayawa a Ƙofar Kudu ba ya gani har adon linzami. Ga marinar Ƙofar Mata da ake lissafa ta tun 1498, yadda zane yake fitowa daga rijiyar baba da kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonki, wannan canjin launin shi kaɗai ya isa ɗaki guda, mutum ya taka ƙasa shuɗin ya bazu daga ƙafarsa. Ga dagi da zanen bangon gidajen cikin gari da aikin allurar babbar riga irin aska takwas, duk lissafi ne da maimaituwa, abinda kwamfuta tafi iyawa kenan, kuma babu siffar mai rai a ciki balle a samu saɓani. Ga ganuwa da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wadda yau take zubewa ana gini akanta, ana iya tada ta da ƙofofinta a haske yaran yanzu su ga yadda take.

Matsalolin kuma na gaske ne. Wuta ce ta farko, majigi baya son a ɗauke masa wuta bagatatan, dole inbata ko sola da batir mai kyau tsakaninsa da janareto. Na biyu zafi da ƙura, manyan majigi suna fitar da zafi sosai kuma ƙurar hunturu tana toshe matatarsu, sai ɗaki rufaffe mai AC. Na uku duhu, majigin ofis da kike gani a aji haskensa wajen lumen 3,000 ne, na manyan wuraren nan yana kai 10,000 zuwa 20,000, toh tunda bakida kuɗin babba sai ki rama da duhu, ki toshe kowace kafa da baƙin yadi ki shafa wa bango farin fenti mara sheƙi, zakiyi mamakin yadda ƙaramin zai fito.

Ki sauke manhajar zane ta Blender kyauta ce, TouchDesigner ma mai haɗa hoto da motsi yana da na koyo kyauta kuma dashi masu wannan sana'ar da yawa suke aiki, ki nemo tsohuwar kyamarar Kinect ta wasan gem ita zata gano miki motsin mutum. Ki haɗa kai da ɗalibi ɗaya mai zane ɗaya mai haɗa sauti, masu editin na Kannywood a Zoo Road suna da hannu sosai a wannan ɓangaren, ku ari ɗaki guda a makaranta kuyi shirin minti biyar akan abu ɗaya tak, ni da marina zan fara. Ku je wajen masu rinin da kanku ku gaishe su ku nemi izini kafin ku ɗauki komai, ku saka sunan sana'arsu a gaba, ranar nunawa ku gayyato su su zauna a sahun farko.

Kuma ki kula da mutanen gari tun kafin ki buga fosta. Kin san yadda maganar ƙauyen fim na Ƙofa ta mutu a 2016 saboda jama'a da malamai basu gamsu ba, dan haka ki fara nuna wa malamanki da iyaye da mai unguwa su gani da idonsu, ki ware lokacin mata da yara daban in hali yayi, ki tsayar da shiri lokacin sallah. In kuma wata rana kika kai matsayin haskawa a jikin Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, sai da takardar izinin hukumar dake kula da ginin, kuma ginin ƙasa ne mai ɗaruruwan shekaru, ba'a buga masa ƙusa ba'a jingina masa ƙarfe, majigin akan ƙafarsa zai tsaya daga nesa. In kun shirya na minti biyar ɗin ki turo min rana ta hannun edita, zanzo da ƙawayena mu biya kuɗin ƙofa.

Wata mai zuwa in Allah ya kaimu zamu taɓa tambayoyinku akan kaya da suka wuce kilo a filin jirgin Malam Aminu Kano, ku cigaba da turowa.